Ko An Naɗa Wa Giya Rawani, Giya Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da wani ɗalibina ya yi mini bayan karatun dare a Islamiyyarmu da ke nan birnin Katsina. Ya ce, "Malam, yayana da ya yi karatu a Turai ya ce jar giyar inabi ta manyan mutane daban take da burkutu, wai har maganin ciwon zuciya ce." Ya kuma ambata mini sunan Château Lafite Rothschild. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ya 'yan'uwa, ban musanta shaharar wannan gona ba. Tana yankin Bordeaux a Faransa. A 1855, zamanin Sarki Napoleon na Uku, aka sa ta a sahun farko na gonakin giyar yankin, kuma a 1868 iyalin Rothschild suka saye ta. Suna gauraya nau'o'in inabi, musamman Cabernet Sauvignon da Merlot, su tsima ruwan a gangunan katako fiye da shekara. A 2010 an sayar da kwalba ɗaya ta shekarar 1869 a Hong Kong sama da dala 230,000.

To, amma tsada ta taɓa halatta haram? Dalilin hani shi ne maye, kuma sinadarin da ke bugarwa a wannan kwalba shi ne dai wanda ke cikin tukunyar burkutu. Abu Dawud ya ruwaito cewa Abu Ɗalha ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da giyar da wasu marayu suka gada, sai ya umarce shi da ya zubar. Da darajar kuɗi tana ceton giya, ai dukiyar maraya ce ta fi cancanta a cece ta.

Batun magani kuwa, a Sahihu Muslim, Ɗariƙ ɗan Suwaid ya kawo irin wannan uzuri, Annabi (SAW) ya bayyana masa cewa ita kanta cuta ce. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a sha a tsira daga illarta, kuma tun 1988 hukumarta mai binciken ciwon daji ta sa barasa cikin abubuwan da ke haddasa shi.

Abin da ke tsorata ni shi ne, yaron da zai ƙyamaci mashayin bayan tasha, shi ne zai girmama mashayi mai kwat da wuyan kwalba mai tambari. Iyaye da malamai, mu koya wa 'ya'yanmu kiran abu da sunansa tun kafin su bar gabanmu. Allah Ya tsare mana imaninmu, amin.