Ba Kowane Tsohon Kibod Ne Ya Mutu Ba

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi ban kwana da jarrabawar takarda da fensir, ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, WAEC kuma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Ke nan yaron da ya tashi a Nasarawa cikin Birnin Kebbi, da yarinyar da ke sakandare a Argungu, in suna hangen Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar jiha da ke Aliero, hanyarsu ta bi ta kan wasu abubuwa biyu da ba kasafai ake ɗaukarsu da daraja ba: kibod, da kuma maus, wanda masana harshe suka raɗa wa suna linzamin kwamfuta. Yatsun da ba su saba da su ba kan yi rawa ranar jarrabawa, ko da kuwa kai cike yake da karatu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne yadda ake samun kwamfuta lafiyayya a ɗakin koyo an lulluɓe ta da ƙyalle, wai ba ta da kibod, alhali ga kwali can a kusurwa maƙare da tsofaffin kibod da maus ana jiran 'yan gwangwan su zo su auna a kilo. Da yawa daga cikinsu lafiyarsu ƙalau. An jona su ne ba su amsa ba, sai aka yanke musu hukuncin kisa ba tare da shari'a ba.

Mai karatu ya duba bakin wayar tsohon kibod. Idan zagayayye ne, mai ƙananan allurai shida a ciki, to wannan shi ne PS/2, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Daga baya aka saba yi wa na kibod launin shunayya, na maus kuma kore. Shi kuwa USB, mai faffaɗan baki da kowa ya sani, a 1996 ya bayyana. Bambancinsu bai tsaya ga siffa ba. Harsuna biyu ne mabambanta, kamar Hausa da Zabarmanci, kuma a nan ne ake yawan yin asarar kuɗi.

Adafta iri biyu ce a kasuwa. Akwai 'yar ƙarama mai araha, wadda ba kome a cikinta sai wayoyi da suka haɗa wannan baki da wancan. Ba ta fassara kome. Tana aiki ne kawai idan kibod ɗin ko maus ɗin da kansa yana jin harsunan biyu, kamar yadda aka ƙera wasu a shekarun da ake sauyawa daga tsohon tsari zuwa sabo. Akwai kuma mai ɗan kumburi a tsakiyar waya, galibi da baki biyu, shunayya da kore. A cikin kumburin nan akwai 'yar na'ura da ke aikin tafinta. Tsohon kibod na PS/2 zalla ita yake buƙata kafin ya yi magana da laftof ko sabuwar kwamfuta. Mai shago sau da yawa bai san wannan bambanci ba, mai saye ma haka, sai a sayi maras tafinta, a jona, a ji shiru, a ce kibod ya mutu. Araha dai ba ta ado. Ko masu tafintar ma ba duka suka zama ɗaya ba, domin wasu manyan kibod na da, irin Model M na IBM, suna jan wuta fiye da abin da ƙaramar adafta ke iya bayarwa.

Idan kuwa kwamfutar ta tebur ce kuma har yanzu tana da ramin PS/2 a bayanta, to akwai ladabin da ya kamata a kiyaye. USB kana iya cirewa ka mayar kwamfuta na kunne. PS/2 ba a yi shi don haka ba. A lokacin tashi ne kwamfuta ke neman sa, in ba ta gan shi a lokacin ba, sau da yawa ba za ta sake waiwayarsa ba. Saboda haka a kashe ta, a jona, sannan a kunna. Windows 10 da 11 ma suna da wata dabara ta saurin tashi wadda ke sa kashewar ba ta zama cikakkiya, don haka in an ji shiru a umarce ta ta sake tashi daga farko. A kuma tabbata ba a sa kore a gurbin shunayya ba. Wasu sababbin kwamfutoci rami ɗaya gare su, rabi kore rabi shunayya, wanda ke karɓar ɗaya daga cikin biyun. Allurar da ta lanƙwashe, sanadin turawa da ƙarfi a cikin duhun ƙarƙashin tebur, ana iya miƙar da ita a hankali. Wadda ta karye kam sai haƙuri.

Wani abin da zai ba masu raina tsohon kaya mamaki: akwai ranar da shi ne ke ceto. Masu gyara sun san cewa idan aka tashi ɗora Windows 7 a kan kwamfutocin da aka ƙera daga 2015 zuwa sama, kibod da maus na USB kan ɗauke wuta a tsakiyar aiki, saboda tsohuwar manhajar ba ta san USB 3.0 ba. Na PS/2 kuwa ko a jikinsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sauran laifin na ƙasarmu ne. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe kwarin Rima ba ta barin kome, ga kuma laimar damina da ke kawo tsatsa a bakin waya. Maus mai ƙwallo a ciki, in kibiyarsa ta fara tsalle a fuskar kwamfuta, a murɗe murfin ƙasa, a ciro ƙwallon, a kankare dattin da ya naɗe 'yan sandunan da yake gogawa. Mai jar fitila kuma ba ya son gilashi ko tebur mai sheƙi. Farar takarda a ƙarƙashinsa ta wadatar. Kibod a kife shi a kaɗe, a bi tsakanin maɓallan da burushi da auduga mai ɗan sifirit, ban da ruwa. Kada a ɗauki wannan wasa: a zamanin Farfesa Ishaq Oloyede JAMB ta tsara yadda ɗalibi zai iya jarrabawa ba tare da maus ba, da A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Maɓallin N ɗaya da ƙura ta riƙe ya isa ya cinye wa yaro mintunan da ba zai sake samu ba.

Akwai kuma masu jefar da tsohon kibod don ba su ga ƙ, ɗ da ɓ a kansa ba. Kibod ba haruffa yake aikawa ba, lambar maɓallin da aka danna kawai yake faɗa. Kwamfuta ce ke yanke wane harafi za ta rubuta. Windows na da tsarin Hausa a cikinsa, ga kuma manhajar Keyman kyauta. Kibod ɗin 1998 zai rubuta ƙugiya daidai da na bana.

Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar janye tallafi ga Windows 10, kuma wannan zai tura makarantu da cibiyoyi da dama ga sauya kwamfutoci. Roƙona ga shugabannin makarantu da masu shagunan koyar da kwamfuta shi ne, kafin a rubuta takardar sayen sabon kaya, a ware yini ɗaya a zazzage kwalin nan. A sami adafta guda mai tafinta wadda aka tabbatar tana aiki, a gwada kowane kibod da ita, a buɗe shafin rubutu a danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, a manna wa mai lafiya takarda da kwanan wata. Wanda ya gaza, a sake gwada shi a wata kwamfutar kafin a kira 'yan gwangwan. Ɗaliban sashen kwamfuta na Kwalejin Waziri Umaru ko na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu za su iya wannan aiki a lokacin sanin makamar aiki, kafin a buɗe rajistar JAMB ta gaba.