Tayil ɗin Banɗaki: A Ina Za a Tsaya?

A wannan wata maganar banɗaki za mu yi, kuma kada wani ya yi dariya, domin ita ce ta kusa raba mu da maƙwabcinmu na shekara da shekaru a gidan hayar da muke zaune a Aboabo, cikin Kumasi.

Gida ne mai ɗaki 9 da wurin wanka ɗaya tak. Da gansakuka ta ishe mu, sai muka yi karo-karo muka kira birkila ya sa mana tayil. Ya ce, "Ƙafa nawa za a hau da shi?" Dattijan gida suka ce ƙafa 4 ta isa, wato mita 1.2, tunda da bokiti ake wanka a tsugune, ruwa ba ya wuce ƙugu. Muka amince, don kuɗin ma iyakarsa ke nan.

Abin da muka manta shi ne samarin gida a tsaye suke wanka, suna sheƙa ruwa da kwano tun daga ka. Ruwan ya riƙa dukan filastar da ke saman tayil, yana gangarowa yana shiga ta bayansa. Kafin shekara ta zagayo fenti ya kumbura, layin sama ya fara ɓanɓarewa. Mafi muni, bayan wannan bango ɗakin wani dattijo ne da muke kira Baba. Ranar da ya janye akwatinsa ya tarar da manyan rigunansa na Sallah sun yi fumfuna, wata guda ba ya amsa gaisuwarmu. Gaskiyarsa ce kuwa.

Wanda ya taso a Tamale ko Bawku ya saba bango ya bushe da kansa kafin azahar. A Kumasi da Ankara ba haka abin yake ba. Damina biyu ake yi a shekara, iska cike take da laima, banɗakin da mutum 30 ke shiga kuwa ba ya samun hutun bushewa.

To ga lissafi. Ɗauki banɗaki mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2. In an cire ƙofa, kewayen bango kamar mita 6.2 ne. Ƙafa 4 za ta ci murabba'in mita 7 da rabi. Ƙafa 7, wato mita 2.1, daidai da kan ƙofa, za ta ci 13. Kusan ninki biyu ne, ba mu musa ba, amma mu da muka gudu daga wannan kuɗi sau biyu muka biya birkila.

Shawararmu ita ce, duk bangon da ruwan wanka ke duka a kai shi ƙafa 7. In akwai shawa, tayil ya wuce bakinta da taƙi guda. Ɓangaren masai da wurin alwala ƙafa 4 ta wadatar, domin buta ba ta fantsama sama. Kai shi har rufi sai mai hali, ko banɗakin da ba shi da taga.

A kuma bar girman tayil ya yanke hukuncin ƙarshe. Mai santimita 30, layi 7 ya kai kan ƙofa cif, ba yanka ba asara. A sayi kaya gaba ɗaya, da ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda fashewa. Mu da muka koma kasuwa daga baya, farin da muka samu ya sha bamban da na farko, har yau bangonmu kala biyu ne.

Kada a yarda birkila ya ce tayil kaɗai ke tare ruwa. Ruwa na bin tsakanin layuka, saboda haka a sa maganin hana ruwa a cikin filasta tun kafin a manna, a kuma toshe bakin layin sama da kyau.

Baba dai ya huce, bayan mun ɗinka masa sabuwar riga. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.