Karen Edinbara Da Masu Shirya Sinima

A birnin Edinbara na ƙasar Skotland akwai gunkin wani ɗan kare mai suna Bobby, wanda aka kafa a 1873. Labarin da aka gada shi ne, ubangidansa John Gray, mai gadin dare na 'yan sanda, ya rasu a 1858, shi kuwa karen ya tare a kabarinsa shekara 14, har ya mutu a 1872.

Kamfanin Disney ya yi fim a kansa a 1961, ya mai da ubangidan tsohon makiyayi. Da aka sake shirya labarin a 2005, sai aka mayar da Gray bakin aikinsa. Wannan abin yabo ne. Amma kuma sai aka ɗauko farin kare irin na West Highland aka laƙaba masa sunan Bobby, alhali an san shi da irin na Skye, mai dogon gashi har ido. Wai fari ya fi fitowa cikin duhu.

Wannan hujja ba ta gamsar ba. Ko masanin nan Jan Bondeson, da ya ce a 2011 karnuka biyu aka yi wa suna ɗaya, ya yarda na biyun ɗan Skye ne. Gunkin yana nan tsaye, duk yaron da ya fito daga kallo zai ga an yi masa musanya. Balle irin na Skye ya yi ƙaranci ƙwarai a Biritaniya, ga shi fim ɗin da zai tuna wa jama'a da shi ya ba wani gurbinsa.