Auren Da Ba A Rubuta Ba Da Hutun Kamfani A Malesiya

 Akwai wata magana da ta yi kwanaki tana yawo a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, har ta shiga gidaje, mun ga ya kamata mu sa baki tun ba ta ɓata zumunta ba. Maganan nan kuwa ita ce ta 'ya'yanmu da ke zaune a ƙasar Malesiya, waɗanda kamfanonin da su ke yi wa aiki kan kwashe su ran Asabar da Lahadi a kai su wani masauki a bayan gari, wani lokaci a ce kowa ya zo da matarsa. Waɗansu dattawa sun ce wannan yawon banza ne, har sun aika wa 'ya'yansu kada su kuskura su fita da matan. Mu ba mu yarda da wannan hukunci ba. Lalle akwai abin tsoro cikin tafiyan nan, amma tushensa yana nan cikin zangonmu na Kumasi, cikin littafin aure da ke ɗakin Malam Liman, wanda yawancin iyaye ba su so a buɗe musu shi.

Bari mu fara bayyana wurin, domin mafi yawan masu surutun ba su san shi ba. Ƙasar ta sami mulkin kai daga hannun Ingila a 1957, watau shekara ɗaya da Gana, sa'an nan ana kiranta Malaya. Babban birninta shi ne Kuala Lumfur, addinin hukuma kuwa Musulunci ne. Yaranmu suna zuwa can karatu, waɗansu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da aka kafa a 1983, waɗansu kuma in sun gama sai su sami aiki su zauna. A cikin birnin akwai unguwa ana ce da ita Chow Kit, ta ci sunan wani attajiri ɗan Sin mai haƙar kuza, Loke Chow Kit. Nan ne babbar kasuwar kifi da nama da kayan miya ta ke, nan kuma baƙi daga Indunisiya da Fakistan da Bangaladash da ƙasashenmu na baƙar fata su ke neman ɗakin haya mai sauƙi. In ka ce zangon birnin ne ba ka yi ƙarya ba. Masallacin Kampung Baru yana kusa, abinci na halal ko'ina. Amma unguwar ta daɗe da yin suna a kan abin da a ke yi cikin lungunanta in dare ya yi, mutanen garin da kansu ba su ɓoye wannan ba.

Ita kuwa fitan nan ta kamfani ga yadda ta ke. A kan ɗauki ma'aikata a mota a kai su bakin teku, kamar Port Dickson da ke wajen kilomita 90 kudu da birnin, ko a hau da su dutsen Genting, tafiyar kamar sa'a guda. Da safe a zauna, shugaba ya karanta riba da hasara, a yanka wa kowa aikin shekara mai zuwa. Da la'asar a yi wasanni, da dare a ci abinci tare, a raba kyauta. Kamfani ke biyan kuɗin ɗaki da na ci. Sunansa hutu, amma rabinsa aiki ne, wanda ya ƙi zuwa kuma a kan lura da shi. Saboda haka mijin dai tilas zai tafi. Abin da ya rage a yi shawara a kai shi ne, da matarsa zai tafi ko shi kaɗai.

To, ku dattawa masu cewa a bar ta, mu tambaye ku. Yarinya amarya, ba uwa kusa, ba gwaggo, ba ta iya bakin garin sosai ba, a rufe ta kwana biyu cikin ɗaki ɗaya a Chow Kit, mijin kuwa yana can kan dutse shi kaɗai cikin otal tare da ma'aikata maza da mata, wannan shi ne tsaron mutuncin da ku ke nufi? Wanne ya fi kusa da ɓarna, namiji da matarsa a gefensa, ko namiji da mabuɗin ɗaki a aljihu ba mai tambayarsa inda ya kwana? Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya ya kan yi ƙuri'a tsakanin matansa ya tafi da wadda ta faɗa wa, har ma ya taɓa yin tseren gudu da Nana A'isha a hanya. Kakanninmu fatake da su ka riƙa tasowa daga Kano zuwa Salaga sayen goro, ayarinsu ba ya rasa mata. Yaushe tafiya da iyali ta zama abin kunya ga Bahaushe?

Kun ce akwai gidan caca a Genting. Gaskiya ne, akwai. Wani ɗan kasuwa Lim Goh Tong shi ya fara fasa hanyar dutsen a 1965, otal na fari ya buɗe a 1971, kuma nan ne kaɗai gidan cacar da hukuma ta ba izini a duk ƙasar. Amma dokar ƙasar ta hana Musulmi shiga ɗakin cacar. Kun ce ana shan giya wajen cin abincin dare. Wani wurin ana sha, wanda ya ga an kawo sai ya tashi. Mutumin da zai tashi, ya fi saurin tashi in matarsa tana kallonsa.

Yanzu ga abin tsoron na gaskiya. A Malesiya akwai laifi da su ke kira khalwat, watau halwa, keɓewar namiji da macen da ba matarsa ba, ba kuma muharramarsa ba. A Kuala Lumfur dokar laifuffukan Shari'a ta 1997 ce ta hukunta shi, a sashe na 27: tarar da ta kai ringgit 3,000, ko ɗaurin da ya kai shekara 2, ko duka biyu. Kowace jiha tana da irin tata dokar da nata ma'aikatan addini, har da Pahang inda Genting ya ke, da Negeri Sembilan inda Port Dickson ya ke. Dokan nan tana kan Musulmi, ba ta ware baƙo ba. Ma'aikatan kan ƙwanƙwasa ƙofar otal in an kai musu ƙara, abin da su ke tambaya kuwa shaidar aure. Mutanen ƙasar ba su da damuwa, domin dokarsu ta iyali, wadda a birnin ta 1984 ce, ta wajabta rajistar kowane aure, har suna da ɗan kati mai hoton miji da mata da a ke sa wa a aljihu.

Namu fa, me za su nuna? Kun san yadda mu ke yi. Yaro yana can, yarinya ma tana can tana karatu, sun daidaita, sun sanar da gida. Sai a taru a nan ƙofar gidan waliyyi, wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a faɗi sadaki, a shafa Fatiha, a raba goro da alewa, a buga musu waya a ce an ɗaura. Aure ya ɗauru, ba mai shakka, Allah ya shaida, jama'a sun shaida. Amma goron da aka raba a Kumasi ba ya magana a ƙofar otal a Port Dickson da ƙarfe biyu na dare.

Ba da ka mu ke faɗin wannan ba. Cikin watannin nan wani yaronmu ya aiko wa Malam Liman saƙo daga Chow Kit, ya ce kamfaninsu za su fita, an ce a zo da iyali, abokan aikinsa Malayawa sun gargaɗe shi kada ya kama ɗaki da matarsa ba takarda, yana roƙo a aika masa da tasa. Mun buɗe littafi ba mu tarar da kome ba, domin ran ɗaurin auren da aka kawo alƙalami mahaifinsa ya ce a mayar, wai shi da ubansa ba a rubuta nasu ba kuma ba su mutu ba. Yaron ya tafi shi kaɗai, yarinyar ta kwana biyu cikin ɗaki. Shi mahaifin kuwa yana cikin masu cewa yaran zamani ba su riƙe aure da daraja.

Masu ƙin rubutu suna da hujja biyu. Ta fari, wai takarda al'adar Nasara ce. Wannan magana ba ta dace da bakin wanda ya yi makarantar allo ba. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da kiran marubuci da shaidu. In an umurce mu mu rubuta bashin buhun goro, ina ga sadakin da a kan bar saura a kan miji, ina ga amanar 'yar mutane? Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, har littafi ya wallafa na koya wa mutane yadda a ke rubuta wasiƙa, ba kuwa a makarantar boko ya koyo ba. Mu mutanen tawada ne tun Bature bai zo ba.

Hujja ta biyu, wai neman takarda rashin yarda ne, kamar ana tuhumar surukai. To, ku tuna da daren da Manzon Allah ya fito daga i'itikafi yana raka matarsa Nana Safiyya, waɗansu mutum biyu na Madina su ka wuce da sauri, ya tsai da su ya sanar da su ko wace ce ita, don kada Shaiɗan ya jefa musu zato. In mafificin halitta ya kawar da zato daga kansa, wane ne ɗanka da zai ce shi ya fi ƙarfin a tambaye shi? Ma'aikacin da ke ƙwanƙwasa ƙofa a can bai san kakanka ba, bai san kai ne mai unguwa ba. Takarda kaɗai ya iya karantawa.

Abin takaici kuma, hanyar tana nan tun da daɗewa. Tun 1907, zamanin Gwalkwas, akwai dokar rajistar auren Musulmi a ƙasan nan, tana nan kuma cikin dokokin aure na Gana. Ta ce a kai aure wurin mai rajista cikin mako guda da ɗaurawa, ango da waliyyi da shaidu biyu da malami mai lasin su sa hannu. In mako ya wuce, ko ango yana nesa ba zai iya zuwa ba, sai a nemi izini wurin alƙalin Babban Kotu. Shekara fiye da 100 ke nan, amma ku ƙirga cikin layinku gida nawa ne su ka yi. Mu kan kashe dukiya wajen lefe da kiɗa da shinkafa, ranar da za a je ofis ita ce ba mu da ita. Rashin takardan nan kuma ba a otal kaɗai ya ke cizo ba. Ma'aikacin da ke son hukumar shige da fice ta Malesiya ta ba matarsa izinin zama a ƙarƙashinsa, shaidar aure za a fara tambayarsa. Ran da aka haihu, ko ran da ɗayansu ya cika a baƙuwar ƙasa, ita za a sake nema.

Saboda haka ga abin da mu ke kira gare shi. Duk wanda zai ɗaura wa ɗansa ko 'yarsa aure, ya zo da sunaye cikakku kamar yadda su ke cikin fasfo, ba sunan rana ko laƙabin gida ba, a rubuta cikin littafin masallaci nan take, sa'an nan a wuce wurin mai rajista kafin mako ya cika. Waɗanda nasu ya riga ya wuce, su zo ɗakin Malam Liman bayan sallar azahar tun shaidunsu suna da rai, a nuna musu hanyar kotu. Ku kuma 'ya'yanmu na Chow Kit, in takarda ta iso ku kai ta ofishin jakadancin ƙasarku da ke Kuala Lumfur ku tambayi yadda a ke tabbatar da ita, ku ajiye ta asali, ku riƙa yawo da kwafi. In kamfani ya ce a zo da iyali, ku ɗauki matanku ku tafi, ku tsai da salla a kan lokaci, ku nisanci teburin giya, ku bar yarinya ta ga teku ta sha iska, ta san mutanen da mijinta ke wuni da su. Ku kuwa iyaye, wanda ya hana a rubuta ran Fatiha ba shi da bakin hana tafiya, ba shi kuma da bakin kuka in an tsare ɗansa.

Allah ya tsare mana zuriyarmu a duk inda su ke, ya sa albarka cikin aurensu da nemansu, amin. Haza wassalam.

Magatakardan Liman