Martani Ga Mai Ɗora Wa Na'ura Laifin Faɗuwar Jonathan

Malam, na karanta maƙalarka wadda a cikinta ka jingina faɗuwar Goodluck Jonathan da PDP a zaɓen 2015 ga na'urar tantance masu zaɓe, kuma wallahi hujjarka ba ta da madogara. Jam'iyyar da gwamnoninta biyar, har da na Kano da na Ribas, suka yi mata tawaye tun Nuwamban 2013, wadda a zamaninta aka sace 'yan matan Chibok hukuma ta yi ta jinkiri, alhali Boko Haram na shirin kafa tuta a Gwoza, ta riga ta tozarta amanar talakawa tun kafin a ɗage zaɓen da mako shida, har Buhari ya ba ta ratar ƙuri'u fiye da miliyan biyu da rabi.