A FAƊA MANA ABIN DA KE CIKIN MUDU



Iyayena, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, da duk 'yar jam'iyyar da wannan saƙo ya iske, barkanmu da warhaka. Yau maganar tukunya na zo da ita. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a tura.

Kwanakin nan saƙonnin murya sun cika wayoyinmu a kan abincin da ake kira GMO. Wannan ta ce yana hana haihuwa, waccan ta ce duk tumatir mai girma shi ne, wata ta ce har kankana da kajin gidan gona. A ɗaya ɓangaren kuma manya a Abuja suna fitowa a talabijin suna cewa mu ci kawai, lafiya lau ne. To ni duka biyun ban yarda da yadda suka ɗauke mu ba. Mai tsoratarwa ya mayar da mu masu yaɗa duk abin da aka turo, mai lallashi kuma ya mayar da mu yara da ba a yi wa bayani. Alhali mu ne masu cefane, mu ne masu girki, mu ne masu kwana a asibiti in yaro ya yi ciwon ciki.

Bari mu fara da sanin abin. GMO iri ne da masana suka sauya wa ƙwayar halitta, suka sa masa wata ɗabi'a da ba shi da ita a da. A ƙasar nan hukumar da ke ba da izini ita ce NBMA, an kafa ta a 2015. Abubuwa uku aka saki manoma su shuka: auduga a 2018, wake mai suna SAMPEA 20-T a 2019, sai masarar TELA a 2024. Waken da masarar, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ce ta fito da su. An sa wa waken garkuwa daga tsutsar da ke cinye fure da kwanso a gona, kuma masu binciken sun ce manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas zai iya komawa sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda aka tantance aka saki a kasuwannin duniya ba a samu shaidar sun cutar da masu ci ba, amma kowane iri sai an bincike shi a kan kansa. Don haka tumatir ɗin Kadawa da kankana ku bar su su sarara. Maganar hana haihuwa kuwa, duk wadda ta turo miki, ki tambaye ta wane likita, a wane asibiti. Mu ji tsoron Allah, ƙarya ba ta zama gaskiya don an tura ta sau dubu.

Amma fa wannan bai wanke hukuma ba. Tambayata ɗaya ce: in abin nan lafiya lau ne, me ya sa ba a nuna mana shi? Doka ta tanadi a sa alama a jikin kayan da aka sauya wa halitta. Madalla. To a jikin me za a sa alamar? Wace ce a cikinmu ke sayen wake a kwali? Mu mudu muka sani, da tiya, da gwangwani. Wake ya bar gona, ya shiga buhu, ya isa Dawanau ko kasuwar ƙauye, an haɗa na wannan manomi da na wancan. Kafin ya iso hannun mai ƙosai ko mai alala, ko shi ɗan kasuwar bai san asalinsa ba. Dokar da aka rubuta don masu sayayya a manyan kantuna, ta bar mai sayen rabin mudu a duhu, ai ba dokar talaka ba ce. Wadda ta ga tana so ta ci, ta ci da saninta. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, a ba ta damar ƙi. Ko Majalisar Wakilai ta tayar da maganar a 2024 ta nemi a bincika, to mu ina aka zo aka ji ta bakinmu, da Hausa, a mazaɓunmu?

Sannan akwai maganar iri. Masarar TELA aurarren iri ce, kuma duk aurarren iri, GMO ne ko ba GMO ba, in ka ajiye ka sake shukawa amfaninsa raguwa yake, sai dai ka koma ka saya. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu suna rataye damin iri a rufin ɗakin girki, dole mu tambaya: in shekara ta yi tsanani, babu kuɗin sayen iri, me za a shuka? Kada a bari kanannado da farin wake da masarar gida su ɓace daga rumbunanmu.

Yanzu ku buɗe kunne, ga inda ya fi ci mini rai. Muna ta kallon GMO, guba kuwa tana shigowa ta ƙofar gida. Wasu masu ajiyar hatsi, marasa tsoron Allah, suna zuba fiya-fiya a cikin wake don kada ƙwaro ya huda shi. Saboda ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wakenmu a 2015. Turawa sun ƙi, to ina waken ya tafi? Cikin 'ya'yanmu. Kuma ku sani, garkuwar da aka sa wa sabon waken nan ta gona ce, ba ta hana ƙwaron buhu, don haka mai zuba guba zai ci gaba da zubawa. Ga kabaid na masu walda da ake nunar da ayaba da mangwaro da shi, NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Ga rini a cikin manja. Ga gyaɗa da masara masu fumfuna, waɗanda dafinsu ke lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe shi. Waɗannan ba jita-jita ba ne, yau ɗin nan suna cikin kasuwa.

Abin da ke hannunmu a gida: ki sansana wake kafin ki saya, in kin ji warin magani ki bar shi komai arharsa. Waken da kika ga ɗan ƙwaro a ciki sau da yawa ya fi wanda ya shekara tas babu huda ko ɗaya. Ki tsince gyaɗa da masara, duk mai baƙi ko ɗaci ki zubar, kada a ce a yi ƙuli ko kunun yara da ita. Masu adashe, ku haɗa kuɗi ku sayi hatsi da kaka daga manomin da kuka sani, ku shanya ya bushe sosai, ku adana a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga. Ba sai an sa magani ba. Zogale, rama, yakuwa da alayyahu, ko a tsohon buhu ne a shuka a tsakar gida. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ke wuyan shugabanni kuma, har da na jam'iyyarmu, don ba za mu rufe baki saboda namu ne ba: a dawo da duba-gari kasuwannin hatsi, a hukunta mai zuba guba a abinci. A sa dillalan iri su rubuta a fili wane iri suke sayarwa, shugabannin kasuwa kuma su ware buhunan. A turo masana su zauna da mata su amsa tambayoyi da harshenmu. A tallafa wa ƙungiyoyin mata da buhunan ajiya.

Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta sa wannan magana a zamanta na gaba, a rubuta koke, a kai wa kansila da ɗan majalisa, a turo mini da rahoto. Ranar zaɓe mu ne a layi tun asuba da goyo a baya. Duk ɗan takarar da ya zo da atamfa da sabulu, ku karɓa ku yi godiya, sannan ku tambaye shi me ya tanada a kan abin da 'ya'yanmu ke ci. In ya rasa amsa, ku ma kun san amsarku.

Allah Ya ciyar da mu halal mai tsafta, Ya tsare mana zuri'a, Ya shiryi shugabanninmu. Amin.

A tura wa sauran 'yan uwa.

Taku,
Shugabar Mata