Tarakta A Agadas: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Duk lokacin da kayan miya suka yi tsada a kasuwa, maganar da muke ji ita ce a kawo manyan taraktoci, abinci zai yi araha. Mu da muke saye da sayar da albasa, tafarnuwa da dankalin turawa na tsaunukan Abzin, ya kamata mu san yadda wannan na'ura take kafin mu ɗora mata buri.

Tarakta ba aikin maƙera ɗaya ba ce. A masana'antu irin na John Deere a Amurka, Mahindra a Indiya ko YTO a Sin, ana narka ƙarfe a zuba shi cikin mazubin yashi don a fitar da gangar inji, sannan na'urori masu aiki da kwamfuta su fere shi daidai da awo. Daga nan a haɗa inji da giya, a ɗora tayoyi da bututun mai, a yi fenti, a gwada ta kafin ta fita. Sassanta dubbai ne, kuma daga masana'antu daban-daban ake tattaro su. Shi ya sa idan ƙaramin ƙarfe ɗaya ya karye a Agadas, mai nisan kusan kilomita 950 daga Yamai, sai na'urar miliyoyin sefa ta kwanta har lokacin shuka ya wuce. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru.

Maƙwabtanmu sun gwada. A ƙarshen shekarun 1970 Najeriya ta buɗe masana'antar Steyr a Bauchi don haɗa tarakta, amma da yake daga waje ake shigo da sassan, da kuɗin waje ya yi wuya sai aikin ya durƙushe. A nan gida kuwa, wuraren ƙira irin su ACREMA a Tawa sun fi shahara da amalanke da garmar shanu, kayan da maƙerin ƙauye zai iya gyarawa.

Sai batun fili. Babbar tarakta da injin girbi mai yanka da sussuka lokaci guda suna son fili shimfiɗaɗɗe mai faɗi. Garakan Timia, Tabelot da Iferwan ƙanana ne, a bakin ƙorama, tsakanin duwatsu da itatuwan dabino. Abin da ya bunƙasa noman albasa a can shi ne injin ban-ruwa, wanda ya karɓi aikin raƙumi da sa a bakin rijiya. Damuwar mai garka ita ce kuɗin mai, zurfin rijiya da hanyar fitar da kaya.

Inda babbar na'ura ta dace shi ne kwarin Irhazer, yamma da Agadas wajen Ingal, mai shimfiɗaɗɗen fili da ruwa a ƙarƙashin ƙasa. A 2006 kamfanin Areva na Faransa, wanda ya koma Orano, ya yi wa gwamnati alƙawarin tallafa wa noman rani a can, aka kuma noma ciyawar dabbobi da alkama. Amma a 2025 gwamnati ta karɓe kamfanin Somair daga hannun Orano. Tambayar da ta dame mu ita ce: wa zai riƙa ɗaukar nauyin mai, gyara da albashin direbobi a irin waɗannan gonaki?

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Duk kuɗin da manomi ya kashe a mai da gyara, a kan buhu yake hawa, mai kasa kayan miya a tire ita ke shan ƙorafin masu saye. Idan kuma albasa ta fito lokaci guda babu ma'ajiya, farashi ya faɗi, ta ruɓe a hannun ɗan kasuwa.

Don haka muna kira ga hukumomi da cibiyar CAIMA, mai sayar wa manoma kayan aiki, da kada a kawo tarakta sai tare da shagon kayan gyara a Agadas da horar da kanikawa. Ƙungiyoyin manoma su riƙa bayar da ita haya a Irhazer, masu garka kuma a sauƙaƙa musu famfo mai aiki da hasken rana, ƙananan injinan huɗa da rumbunan albasa. 'Yan kasuwarmu ma su duba, sayar da kayan gyara sana'a ce mai riba. Allah Ya sa masu abin su ji.